Turjiya da Kasonta: Yadda Ake Lissafin Riƙon da Ke Hana Abu Zamewa

Gabatarwa

Duk abin da aka ajiye a kan wani abu, in aka zo jansa ko tura shi, ba ya motsawa nan take. Buhun siminti da ke kwance a bodin mota, da akwatin littattafai a kan daɓe, da tsanin da aka jingina da bango, kowannensu yakan ƙi gusawa har sai ƙarfin da aka sa masa ya kai wani mizani, sa'an nan ya saki gaba ɗaya. Masu ilmin fiziks suna da wani adadi guda ɗaya wanda ke nuna inda wannan mizani yake. Wannan maƙala za ta bi hanyoyin da ake fitar da adadin, da wuraren da ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, kana ta nuna abin da adadin ke nufi ga direban da ya ɗauko kaya a babbar mota.

Kalmar da aka saba amfani da ita wajen wannan fanni ita ce gogayya. Ba ta da laifi in ana maganar abubuwa biyu da ke gugar juna, amma tana ɗauke da ma'anar motsi, alhali abin da ake nufi a nan shi ne halin da ake ciki tun motsi bai fara ba. Kalmar da ta fi dacewa da wannan hali ita ce turjiya. Jaki yakan turje, akuya ma takan turje in ana janta zuwa kasuwa. Abin lura game da dabbar da ta turje shi ne, gwargwadon jan da aka yi mata, gwargwadon yadda take kafe ƙafafunta. In aka sassauta igiya ba ta rugawa da baya, tsayawa take yi kawai. Wannan kuwa shi ne ainihin halin ƙarfin da ake magana a kansa. Saboda haka za a kira shi turjiya, a bar wa wanda ke aiki bayan an fara motsi sunan gogayyar zamiya. Adadin da ake nema kuma za a kira shi kason turjiya.

Turjiya tana da iyaka

A ƙaddara akwati ne mai kilo 20 a kan daɓen siminti. An ɗaura masa igiya, an maƙala ƙugiyar sikelin rataye a bakin igiyar, irin wanda mahauta da masu sayen fata ke amfani da shi, ana ja a kwance daidai da ƙasa. Allurar sikeli ta nuna kilo 2, akwati bai motsa ba. Tun da bai motsa ba, tilas ne akwai wani ƙarfi da ke ja da baya wanda ya yi daidai da na igiyar, domin da ɗayan ya rinjayi ɗayan da an ga motsi. Watau turjiya a wannan lokaci ta kilo 2 ce. Aka ƙara ja har allura ta kai kilo 5, akwati yana nan inda yake. Turjiya ta zama ta kilo 5 ke nan. Aka yi ta ƙarawa sannu a hankali, sai da allura ta kai kilo 8 akwatin ya yi wuf ya saki. Da zarar ya fara tafiya kuma, sai a ga allurar ta ɗan sauko, don galibi gogayyar zamiya ba ta kai iyakar turjiya ba. Duk wanda ya taɓa tura kabad ya san tayar da shi ne wahala.

Wannan kilo 8 shi ne iyakar turjiya, kuma da shi kaɗai ake lissafin kaso. A nan ne ɗalibai da yawa suke faɗawa rami a jarrabawa. Sai a ba su kaso da nauyin akwati, a ce an tura shi da ƙarfi kaɗan, a tambaye su turjiyar da ke aiki a kansa, su kuwa su ninka kaso da nauyi su ba da amsa. Abin da suka fitar iyaka ce, watau mafi yawan abin da daɓen zai iya bayarwa. In da a ce akwatin da aka tura da ƙarfin kilo 3 daɓe ya mayar masa da na kilo 8, da sai ya taso ya bi ta kan mai turawa, abin da ba a taɓa gani ba.

Akwai wani ƙarfi na biyu da lissafin ke bukata, shi ne ƙarfin danni, watau yadda fuskokin nan biyu suke matse juna. Ana auna shi ne a miƙe sak da fuskar daɓen, ba a karkace ba. A kan shimfiɗaɗɗen wuri, in babu mai danna akwatin daga sama ko mai ɗaga shi, ƙarfin danni daidai yake da nauyinsa. Da waɗannan biyu ake samun abin da ake nema:

kason turjiya = iyakar turjiya ÷ ƙarfin danni

Littattafai suna rubuta kason da harafin Girka μ, wanda ake kira miyu, su sa F a madadin iyakar turjiya, N kuma a madadin danni, ya zama μ = F ÷ N.

Masana suna bambanta yawan jikin abu, wanda ake aunawa da kilo, da nauyinsa, wanda a wurinsu ƙarfi ne, watau jan da ƙasa ke yi wa abin, ana kuma auna shi da niyuton. Kowane kilo ɗaya ƙasa na jansa da ƙarfin niyuton 9.8. Akwatin nan ke nan yana danna daɓe da niyuton 196, watau 20 sau 9.8, iyakar turjiyarsa kuwa niyuton 78.4 ce, watau 8 sau 9.8. In aka raba 78.4 da 196 za a sami 0.4. Wanda bai sha wahalar juyawa zuwa niyuton ba, ya raba 8 da 20 kai tsaye, shi ma 0.4 zai samu, don 9.8 ɗin yana sama yana ƙasa, ya ci kansa. Shi ya sa kaso ba shi da sunan awo a bayansa. Ba a cewa 0.4 kilo ko 0.4 niyuton. Ma'anarsa dai ita ce, daɓen na iya riƙe akwatin har zuwa kashi 40 cikin 100 na ƙarfin da ke matse su. Daga nan gaba, don sauƙin lissafi, za a riƙa ɗaukar kilo ɗaya a matsayin niyuton 10.

Daga ina ƙa'idar ta fito

Rabawar nan ba za ta yi amfani ba sai in amsar ba ta canzawa in an canza kaya. In aka ɗora wa akwatin wani kilo 20, danni ya ninka, iyakar turjiya ma sai ta ninka ta koma wajen kilo 16, kaso ya tsaya a 0.4. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko. Ta biyu ta fi wuyar haɗiyewa: faɗin wurin da abubuwan suka taɓa juna ba ya canza iyakar turjiya. Tubalin da aka kwantar a kan faffaɗar fuskarsa da wanda aka ajiye a kan siririn gefensa, ƙarfi ɗaya ke tayar da su.

Leonardo da Vinci na Italiya ya gano waɗannan ƙa'idoji biyu, rubutunsa mafi daɗewa a kan batun kuwa na shekarar 1493 ne, kuma sau da yawa yakan ɗauki turjiya a matsayin rubu'in nauyin abu. Amma bai buga abin da ya gano ba, ya zauna cikin littattafansa na ajiya. Sai a 1699 Guillaume Amontons ya sake gano su, ya gabatar wa Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa. Ya gwada ƙarfe da tagulla da darma da katako waɗanda aka shafa wa kitse, ya sami kimanin sulusin danni. 'Yan majalisar ba su gamsu da maganar faɗi ba, don ta saɓa wa abin da hankali ke rayawa, sai da Philippe de la Hire ya maimaita gwajin ya tabbatar da ita. Leonhard Euler, Basiwize masanin lissafi, a takardunsa da aka buga a 1750, ya bambanta turjiya da gogayyar zamiya, ya kuma yi lissafin abin da ke kan gangare. Wanda ya fi kowa zurfafa gwaji a wancan zamani shi ne Charles Coulomb, injiniyan soja, wanda ya yi aikinsa a wurin ƙera jiragen ruwa na Rochefort. Majalisar ta sa gasa kan gogayya da taurin igiyoyi saboda bukatun rundunar ruwa, shi ya ci a 1781, aka buga aikin a 1785.

Dukkansu sun ga ƙa'idar tana aiki, dalilinta ne ya daɗe bai bayyana ba. Frank Bowden da David Tabor na Jami'ar Kambirij a Ingila, a littafinsu na 1950, sun nuna cewa kowace fuska, kome sulɓinta a ido, cike take da 'yan tuddai da kwaruruka. In aka haɗa biyu, kawunan tuddan kaɗai ke taɓa juna, kuma jimlar wuraren nan ɗan mitsitsin yanki ne na faɗin da ido ke gani. In aka ƙara danni, kawunan sukan lotse, wurin taɓawa na haƙiƙa ya ƙaru gwargwadon dannin. Tubalin da ke kan gefensa yana da tuddai kaɗan amma kowanne ya lotsu ƙwarai, wanda ke kwance yana da tuddai masu yawa waɗanda da kyar suka taɓa. Jimla dai kusan ɗaya ce.

Hanyar katako

Hanyar sikeli tana da wahalar guda: allura takan yi tsalle a daidai lokacin da ake son karanta ta. Akwai wata hanya wadda ba ta bukatar sikeli ko kaɗan, ba ta ma bukatar a san nauyin abin da ake gwadawa. Katako miƙaƙƙe da tef ɗin tela sun wadatar.

A ɗora tubali a kan katako mai tsawon santimita 130. A bar baki ɗaya a ƙasa, a riƙa ɗaga ɗayan sannu sannu, ba tare da girgiza ba. Tubali zai zauna daram har a kai wani matsayi, sa'an nan ya sulale. A tsaya cak a nan, a auna abu biyu: tsayin bakin katako daga ƙasa, da kuma tazarar ƙasa daga bakin da ke ƙasa zuwa daidai ƙarƙashin bakin da aka ɗaga. Don samun wannan wuri daidai, a sako zare mai ɗan dutse a ƙarshensa daga bakin katakon, kamar yadda magina ke yi. A ce tsayi ya zama santimita 50, tazarar ƙasa kuma 120. Kason turjiya shi ne tsayi a raba da tazarar ƙasa, watau 50 ÷ 120, wanda ya ba da 0.42.

Ya kamata a ga dalilin da ya sa haka, don wanda ya haddace ƙa'ida bai san tushenta ba, yakan juya ta sama a ƙasa ranar da ya fi bukatarta. Nauyin tubali kullum ƙasa sak yake nufa. Amma da yake katako ya karkace, nauyin nan aiki biyu yake yi a lokaci ɗaya: wani ɓangare yana jan tubalin ya bi gangare, wani ɓangare yana danna shi jikin katako. In aka zana nauyin da waɗannan ɓangarori biyu a takarda, za su fitar da alwatika mai siffa ɗaya da alwatikar da katako da tsayi da tazarar ƙasa suka yi. Nauyin gaba ɗaya yana matsayin tsawon katako, mai jan gangare yana matsayin tsayi, mai danni kuma yana matsayin tazarar ƙasa. A ƙaddara nauyin tubalin niyuton 26 ne. Mai jan gangare zai zama 26 sau 50 a raba da 130, watau niyuton 10. Mai danni kuma 26 sau 120 a raba da 130, watau niyuton 24. A daidai lokacin da tubali ke gab da saki, turjiya ta kai iyakarta, kuma daidai take da mai jan gangare, watau 10. Kaso ke nan 10 ÷ 24, ko kuwa 0.42. In aka ɗora tubali biyu, nauyi ya zama 52, za a sami 20 da 48, amsa ba ta canza ba. Nauyi ya shiga lissafin ta ƙofa ya fita ta taga.

Hankali ma yana karɓar wannan ko ba alƙaluma. Duk sa'ad da aka ƙara ɗaga katako, tubali yana cutuwa ta fuska biyu: abin da ke jansa yana ƙaruwa, dannin da turjiyarsa ta dogara da shi kuma yana raguwa.

Masu lissafi suna kiran tsayi a kan tazarar ƙasa da sunan tanjan na kusurwar da katako ya yi da ƙasa, saboda haka wanda ke da ma'aunin kusurwa zai iya karanta digiri ya duba tebur ko na'urar lissafi. Kusurwar digiri 15 tana ba da 0.27, ta digiri 20 tana ba da 0.36, ta 30 tana ba da 0.58, ta 35 kuma 0.70. A digiri 45, inda tsayi da tazarar ƙasa suka zo ɗaya, kaso 1 ne cif. Katakon misalin nan ya saki tubalinsa ne a wajen digiri 22 da rabi.

Kuskuren da aka fi yi a wannan gwaji shi ne a raba tsayi da tsawon katako, domin shi ne adadin da aka riga aka sani, kuma ya fi sauƙin aunawa. A misalin nan zai ba da 50 ÷ 130, watau 0.38 maimakon 0.42. Bambancin kamar ba shi da yawa, amma yana girma da girman kusurwa. Katako mai santimita 100 da aka ɗaga zuwa tsayin 60, tazarar ƙasarsa 80 ce. Amsar gaskiya 0.75, ta kuskure kuwa 0.60. Har wa yau tilas a zaɓi abu mai faɗin gindi. Dogon abu siriri, alal misali mai faɗin santimita 7 da tsayin 25, zai kife tun kafin ya zame, don yakan rinjaya da zarar gangaren ya wuce 7 ÷ 25, watau 0.28. Wanda ya rubuta wannan a matsayin kason turjiya, siffar abin ya auna.

Gwaji sau ɗaya kuma ba gwaji ba ne. In aka maimaita sau biyar, ana iya samun tsayin 48, da 53, da 50, da 49, da 50. Matsakaicinsu 50 ne, amma na ƙasa yana ba da kaso 0.40, na sama kuma 0.45. Ɗalibin da ya kwafo 0.41667 daga na'urar lissafi ya miƙa wa malaminsa, ya yi iƙirarin sanin da tef ɗinsa bai ba shi ba. Lamba biyu bayan ɗigo sun isa, ta biyun ma ana riƙe ta da sassauci.

Dangin wannan kusurwa ake gani a tarin yashin da tifa ta zube. Kome yawan yashin, in busasshe ne, gefen tarin yakan tsaya wajen digiri 34, duk abin da aka ƙara a kai sai ya gangaro. Sai dai ƙwayoyin yashi suna mirginawa suna kuma sarƙewa da juna, don haka ba a ɗaukar wannan a matsayin kason turjiya tsantsa.

In igiya ta karkace

An ce danni daidai yake da nauyi a shimfiɗaɗɗen wuri, amma da sharaɗi. A koma ga akwatin nan mai kilo 20, watau niyuton 200. Wannan karon mai ja yana tsaye, igiya ta tashi sama, tana hawa taku 3 a cikin kowane taku 4 na gaba, watau taku 5 a jikin igiyar. Akwati ya saki sa'ad da jan ya kai niyuton 77. Kashi 4 cikin 5 na wannan ja shi ke yin gaba, watau 61.6. Kashi 3 cikin 5 kuma sama yake yi, yana rage wa daɓe nauyi, watau 46.2. Iyakar turjiya ke nan 61.6, danni kuwa 200 a ɗebe 46.2, saura 153.8. In aka raba, 0.40 za a samu, daidai da na farko, kuma haka ya kamata, tun da akwatin da daɓen ba su canza ba. Wanda ya manta da ɗebewar nan zai sami 0.31.

In aka juya al'amarin, mutum ya tsaya bayan akwati yana tura shi daga sama a kan wannan karkata, sai kashi 3 cikin 5 na ƙarfinsa ya koma ƙarin danni. Lissafi ya nuna sai ya sa kimanin niyuton 143 kafin akwatin ya gusa, kusan ninkin na mai ja. Da hannunsa yake ƙarfafa turjiyar da yake faɗa da ita.

Abin da teburan littattafai ke faɗa

Littattafan fiziks sukan kawo teburin kaso. Busasshen ƙarfe a kan ƙarfe wajen 0.7, katako a kan katako tsakanin 0.25 da 0.5, gilas a kan gilas wajen 0.9, roba a kan busasshen kankare wajen 1, Teflon a kan Teflon kuwa, watau abin da ake shafe cikin kaskon suya da shi don kada abinci ya kama, 0.04 kacal. Kowane adadi na abu biyu ne tare. Babu wani abu wai shi kason katako sai an faɗi a kan me. Gilas kuma ya isa ya rushe zaton cewa sulɓi da santsi abu ɗaya ne, ga shi ya fi katako sulɓi nesa ba kusa ba, ya kuma fi shi riƙo. Kaso yana iya wuce 1, kamar yadda ake samu da roba mai laushi, kuma wannan ba ya nuna kuskure. Abin da yake nufi shi ne jan abin ya fi ɗaga shi wuya. A nan kam kalmar kaso ta ɗan gaza, don kunne bai saba da kashi 120 cikin 100 ba.

Adadan nan kimantawa ne. Ƙura, da laima, da tsatsa, da ɗigon mai, kowannensu yana iya sauya su ƙwarai. Coulomb da kansa ya lura cewa katakon da ya daɗe a ajiye kan wani ya fi wanda aka ajiye yanzu wuyar tayarwa, watau har lokaci yana da hannu a ciki. Roba kuma ba ta bin ƙa'idar faɗi sau da ƙafa. Ƙa'idojin Amontons abin da gwaji ya nuna ne a kan yawancin busassun abubuwa masu tauri, ba su kai matsayin dokokin motsi na Niyuton ba. Inda amsar ke da muhimmanci, gwada abubuwan da ke hannu ya fi duba tebur.

Kaya a bodin mota

Kayan da aka ɗora a bodin babbar mota ba a ɗaure ba, babu abin da ke tsayar da su in an taka birki sai turjiyar da ke tsakaninsu da bodin. Ƙarfin da ake bukata don rage wa kaya gudu shi ne yawan jikinsu sau ragin gudun da ake yi cikin kowace daƙiƙa. Mafi yawan abin da turjiya ke iya bayarwa kuwa shi ne kaso sau yawan jiki sau 10. Yawan jiki yana ɓangarorin biyu, ya sake fita. Abin da ya rage shi ne, ragin gudu kada ya wuce kaso sau 10. Wannan ya rushe abin da akan ji daga bakin wasu masu lodi, wai kaya in ya yi nauyi shi ke riƙe kansa. Injin mai tan 10 da akwati mai kilo 20, in kasonsu ɗaya ne, a birki ɗaya za su saki.

A ce mota tana gudun kilomita 72 a awa, watau mita 20 a daƙiƙa, kaso kuma 0.4. Iyakar abin da za a iya ragewa shi ne mita 4 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Tsayawa za ta ci daƙiƙa 5, motar kuma za ta ci mita 50 a ciki, tun da matsakaicin gudunta a wannan lokaci mita 10 ne a daƙiƙa. In wani abu ya gitta, direba ya tsayar da ita cikin mita 30, ragin gudu ya kai kusan 6.7, ya wuce 4 nesa. Taya a kan busasshiyar kwalta tana iya ba da wannan riƙo, bodi ne ba zai iya ba, sai kaya su ci gaba da tafiya su nufi inda direba yake zaune. In bodin ƙarfe ne kuma ya jiƙe ko ya sha mai, kaso ya faɗo 0.2, sai an sami mita 100 kafin a tsaya kaya ba su motsa ba.

Ƙa'idar ɗaure kaya da ƙasashen Turai ke bi ta tanadi cewa a tsare kaya yadda za su jure turi zuwa gaba wanda ya kai 0.8 na nauyinsu. Kaya mai tan 10 ke nan yana bukatar riƙon tan 8. Da kaso 0.4 turjiya ta ɗauki tan 4, saura giɓin tan 4. In aka tokare kayan da allon gaba, ko aka ɗaure su da sarƙar da ke riƙe su kai tsaye daga baya, waɗannan ne za su ɗauki giɓin. Amma in igiya ce aka bi da ita ta saman kaya aka tamke, ba ta riƙe su da kanta, danni take ƙarawa, kuma kashi 40 cikin 100 na dannin ne kaɗai ke komawa turjiya. Kafin a cike giɓin tan 4, sai igiyoyin sun danna da ƙarfin 4 ÷ 0.4, watau tan 10, kwatankwacin nauyin kayan kansu. In kuwa aka shimfiɗa tabarmar roba mai hana zamiya a ƙarƙashin kayan tun kafin lodi, kaso ya tashi zuwa wajen 0.6, turjiya za ta ɗauki tan 6, giɓi ya koma tan 2, dannin da ake nema daga igiyoyi kuma ya sauko zuwa 2 ÷ 0.6, watau tan 3 da sulusi.